Neman shawara kan koyar da yara bukukuwan lokacin sanyi

Assalamu alaikum, 'yan uwa malamai. Ina koyar da 'yan aji biyu a wata firamare a birnin Kano, kuma na kai ga darasin bukukuwan lokacin sanyi na duniya, kamar Kirsimeti ta 25 ga Disamba, wadda Kiristocin Habasha ke yi ranar 7 ga Janairu, da Hanuka ta Yahudawa mai kwana 8. Yaran kuwa, hazo da kaushin hunturu kawai suka sani. Da na nuna hoton dusar ƙanƙara, wata yarinya ta ce fulawa aka zubar. Abin da ya fi damuna shi ne wasu iyayen suna zaton addini nake cusa wa 'ya'yansu. Don Allah, ta ina zan fara, kuma yaya zan fahimtar da iyayen?