An auna ka da bindiga ba a harba ba: akwai diyya a kotun Gana?

Alhaji Garba, Nima: Ni ina nan a kan bakana. Wanda aka auna shi da bindiga a rikicin fili ko na bashi, ba a harba ba, ba a taɓa jikinsa ba, ba shi da abin kai wa kotu da kansa. Maganar 'yan sanda ce kawai. Diyyar me za a biya, jini bai fita ba?

Lauya Rabi, Madina: Alhaji, a gafarce ni, ba haka dokar Gana take ba. Hanya biyu ce. Ta laifi, gwamnati ke riƙe da ita: sashe na 75 na Dokar Laifuka (Act 29) ya sa barazanar kisa cikin manyan laifuka na mataki na biyu, ɗaurin zai iya kai shekara 10. Ta diyya kuwa taka ce. Sa mutum ya sakankance cewa yanzun nan za a cutar da shi cin zarafi ne, ko da hannu bai kai jikinsa ba. Ko bindigar ba harsashi, in dai wanda aka auna bai sani ba, yana da ƙara.

Malam Isa, Sabon Zango: Lauya Rabi ta yi gaskiya, amma ta bar inda gizo ke saƙa. Mutane na ɗauka shaida mai rinjaye ta wadatar a ƙarar diyya. Sashe na 13 na Dokar Shaida ta 1975 ya ce in aikata laifi ne ainihin abin da ake jayayya a kai, sai an tabbatar da shi ba tare da kokwanto ba, ko da a shari'ar diyya ce. Lauyan wanda ake ƙara nan zai fara cafkewa. Kai ka ce ya zaro, shi ya ce waya ce a hannunsa, shi ke nan ƙara ta raunana.

Lauya Rabi: Shi ya sa ranar farko ta fi komai. A kai rahoto ofishin 'yan sanda a ranar, a tabbata an shigar da shi littafi, a karɓi kwafi. In firgici ya hana barci ko ya ta da hawan jini, a nemi fom ɗin asibiti na 'yan sanda, likita ya cika. In akwai bidiyo kuma, a bar shi a wayar da ta ɗauka. Wanda ya zaga WhatsApp ya rage kyau, kuma za a tambayi wa ya ɗauka. Kyamarorin shaguna suna share tsohon hoto da kansu, a roƙi mai shago tun da wuri. In kotun laifi ta riga ta sami wanda ya auna bindigar da laifi, ana shigar da hukuncin a matsayin shaida, rabin aiki ya ƙare.

Alhaji Garba: To me ya hana a kai wa Sarkin Zango ya sasanta?

Malam Isa: Kuɗin diyya ana iya sasantawa, Alhaji. Shari'ar laifin ce ba taku ba. Sulhun da Dokar Kotuna ta yarda da shi na ƙananan laifuka ne, barazanar kisa ba ta ciki.

Hajiya Mariya, Mamobi: Ku bar ni in yi maganar aljihu, tunda kowa ya kauce mata. Kotun gunduma na sauraron ƙara har sidi 500,000, ta sakit da ke sama da ita har miliyan 2. Kada wannan ya ruɗe ka ka rubuta adadi mai tsoka, kuɗin shigar da ƙara yana bin adadin da ka nema, kuma alƙali ba ya ba da diyya mai yawa kan tsoro zalla in ba takardar likita ko asarar ciniki da aka nuna. Sannan hukunci ba kuɗi ba ne. Sai ka koma kotu a ba da umarnin kama kayansa ko riƙe asusunsa na banki. Ɗan langad, wato ɗan daban da ake ɗauka gadin fili, da ba shi da komai sai babur, me za ka kama? Sai dai ka haɗa da wanda ya turo shi, in kana da shaidar turowar.

Lauya Rabi: Ƙanwata, da wannan na yarda. Irin wannan, a roƙi mai gabatar da ƙara ya nemi kotun laifi ta sa shi biyan diyya lokacin yanke hukunci, doka ta ba ta ikon. Wanda zai shigar da tasa ƙarar diyya kuma kada ya wuce shekara 3, don kada a fara musu kan wa'adi.