Baƙin man mota zai iya maye gurbin na jirgin sama?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina haɗa ƙaramin jirgin sama da injin Lycoming. Shin akwai haɗari idan na zuba masa baƙin man mota mai inganci?

Injiniya: Wa alaikumussalam, Malam. Kada ka yi haka. Man mota yana ɗauke da sinadaran wanke inji masu ƙarfe, irin su kalsiyam, kuma injin da iska ke sanyaya shi, irin Lycoming ɗinka, yana ƙona baƙin mai fiye da na mota, don haka tokar waɗannan sinadarai takan taru a kan fistan, ta yi zafi har ta kunna fetur kafin lokacinsa, abin da kan iya huda fistan ana cikin sararin sama. Man jirgi na ma'aunin SAE J1899 ba ya barin irin wannan tokar.

Matuƙi: Akwai kuma dalmar da ke cikin fetur ɗin ƙananan jiragen sama da ake kira 100LL. Baƙin man da aka ƙirƙira gaba ɗaya daga sinadarai (full synthetic), irin wasu na mota, ba ya iya riƙe ta, sai ta daskare ta toshe hanyoyin mai.

Makanike: Injin Rotax 912, wani injin ƙananan jiragen sama, daban ne, domin mai ɗaya yake shafa injin da giyarsa. Kamfanin Rotax ya amince da baƙin man AeroShell Sport Plus 4 domin wannan injin.