Na ba yarona maganin tsutsar ciki, ta sake dawowa

Uwar 'yan biyu, wajen Ringim: Assalamu alaikum. Hassan ɗina shekararsa 4, da dare ba ya barci, sai susar dubura da kuka. Na haska da tocila, na ga wasu farare ƙanana kamar guntun zare suna motsi. Na sayo albendazole a kemis, ƙwaya ɗaya mai 400mg, ya tauna. Sati uku lafiya lau, yanzu ga ta ta dawo, har Husaini ya fara. Maganin ne jabu, ko ni ce ban iya ba? Wallahi tausayinsu ya hana ni sukuni.

Amarya, Ɓagwai: Wa alaikumus salam, Yaya. Haka na sha fama. Malamar asibitinmu ta ce wannan ƙaramar da dare take fitowa ta zuba ƙwai a bakin dubura, yaro ya sosa, ƙwan ya maƙale a farce, ya koma baki. Uwar tsutsar kawai maganin yake kashewa, ba ya taɓa ƙwan. Sai muka sha duk gidan rana ɗaya, har maigida, muka maimaita bayan sati 2. Na yanke musu farce, na wanke wanduna da zannuwan shimfiɗa da ruwan zafi, na shanya tabarmi a rana. Ki dai duba lambar NAFDAC a kwalin, amma ban zargi maganin ba.

Manomin rani, Kura: Tawa daban ce. Bayan an ba 'yata mebendazole, washegari ta kasayar da tsutsa doguwa kamar tana, ta fi tsawon tafin hannuna. Gwaggo ta ce a daina, maganin ya yi mata ƙarfi. Na ce Gwaggo, ai da tana ciki tana cinye mata abinci. Yarinyar da a da sai tumbi da siraran ƙafafu, yanzu ita ke fara neman ƙarin tuwo.

Malamin firamare, Auyo: Jama'a ku bambanta. Mu nan bakin fadama abin da ya fi damun yara tsargiya ce, fitsarin jini, daga wanka a ruwa ake ɗauka. Nata maganin praziquantel ne, da sandar awon tsayi ake sanin ƙwaya nawa yaro zai sha, kuma ɗaci gare shi. Wata shekara muka yi kuskure, muka raba da sassafe alhali rabin ajin ba su karya ba. Jiri, amai, wasu suka kwanta a ƙarƙashin darbejiya. Iyaye suka taso, kuma ban ga laifinsu ba, don ba a yi musu bayani ba. Da aka dawo zagaye na gaba, da yawa suka hana yaransu zuwa, abin har yau yana ci mini rai. Yanzu tun ana gobe nake bi gida-gida: a ba su koko da ƙosai kafin su fito.

Mahauci, Gezawa: Gaskiyar Malam. Ni tsila ce, falle-falle fari nake gani a wando. Sau uku ina shan albendazole, a banza. Praziquantel likita ya rubuta mini, sannan ta fita. Ya ce daga naman shanun da bai gasu ba ne, kuma na san ina ɗanɗana tsire tun yana kan wuta.

Amarya, Ɓagwai: Yaya, na manta. In kina da ƙaramin ciki kada ki sha. Ni sai da na wuce wata 3 aka ba ni a wajen awo.

Uwar 'yan biyu: Allah ya saka da alheri. Ba ni da ciki, amma akwai ta goye, wata 14. Ita ma?

Ma'aikaciyar lafiya, Dutse: Daga shekara 1 zuwa 2 rabin ƙwayar albendazole ne, 200mg. Ki murƙushe a cokali da ɗan ruwa, kada ki ɗura mata tana kuka, za ta iya shaƙewa. In ta ƙi, ki bari ta huce tukuna.