Na tuba, amma kuɗin suna wuyana har yau

Salama gare ku 'yan'uwa cikin Almasihu. Ku gafarce ni, ba zan faɗi sunana ba, kunya ba za ta bar ni ba.

Shekara 6 da suka wuce ni ne ma'ajin wata ƙungiya a ikilisiyarmu. Ɗana ya kwanta rashin lafiya, sai na taɓa kuɗin ƙungiya da niyyar zan mayar a ƙarshen wata. Wata ya mutu, wani ya kama, ban mayar ba. Da lokacin ba da rahoto ya yi, na gyara lissafi yadda ba mai ganewa. Har godiya aka yi mini a gaban jama'a.

Na roƙi Allah gafara ban san iyaka ba. To makon jiya muka binne wani abokina, sa'ana ne. Da safe muka gaisa lafiya lau, da dare aka ce ya rasu. Tun daga ranar barci ya ƙaurace mini, ina ta cewa da ni ne fa? Ran Lahadi aka miƙo mini Jibin Ubangiji, na kasa ɗauka. Don Allah ku faɗa mini gaskiya: tuban da na yi a ɓoye ya isa, ko sai na tona kaina? Ina da mata da 'ya'ya, kuma yanzu ina koyarwa a makarantar Lahadi.

Wani matashi: Yayana, kwantar da hankalinka. 1 Yahaya 1:9 ta ce in mun furta zunubanmu, shi mai aminci ne, zai gafarta mana ya kuma tsarkake mu. Ka furta, an gama. Ɓarawon da ke kan gicciye me ya mayar wa mutane kafin Yesu ya yi masa alkawarin Firdausi?

Wata 'yar'uwa: Ƙanena, ɓarawon nan hannuwansa a kafe suke, ba shi da halin mayar da komai. Shi wannan ɗan'uwa nasa a sake suke. Ni ban yarda an gama ba.

Wani ɗan'uwa: Ka tuna da Hananiya da matarsa Safiratu, waɗanda suka yi wa manzanni ƙarya a kan kuɗi suka faɗi matattu. Da kuɗin ikilisiya ba a wasa.

Wani dattijon ikilisiya: Ɗana, na karanta saƙonka sau biyu. Kafin komai, mai maganar Hananiya, a yi sannu. Su a Ayyukan Manzanni 5 sun shirya ƙarya, aka tambayi Safiratu ido da ido ta sake maimaita ta. Wanda zuciyarsa ta hana shi barci har ya zo yana neman hanya, ba a jefa masa wannan labari.

Tambayoyi biyu ka haɗa wuri ɗaya, shi ya sa suka yi maka nauyi. Ta farko, me ke ceton mutum? Alherin Allah ta wurin bangaskiya, Afisawa 2:8-9. Ko ka mayar da kuɗin nan ninki goma ba za ka sayi rai madawwami da su ba. Ta biyu, yaya tuban gaske yake? A nan ne 'yar'uwarmu take da gaskiya.

Dubi Zakka a Luka 19. Yesu ne ya fara kiransa daga kan itace ya ce zai sauka a gidansa, tun Zakka bai yi alkawarin komai ba. Bayan an karɓe shi ne ya tashi ya ce rabin dukiyarsa na matalauta ne, wanda ya cuta kuma zai mayar masa ninki huɗu. Ba wanda ya tilasta shi. Shari'a ma a Littafin Firistoci 6 cewa ta yi a mayar da abin a ƙara kashi ɗaya cikin biyar, shi ya zarce haka nesa saboda farin ciki.

Abin da ya fi damuna a labarinka, ɗana, rahoton ne. Kuɗin ka ɗauka rana ɗaya cikin matsi. Rahoton ƙarya kuwa yana nan a littafin ƙungiya, kullum yana magana da sunanka. Kana roƙon gafarar abin da ya wuce alhali wani sashensa bai wuce ba. Dawuda ya san wannan ciwo. A Zabura 32 ya ce sa'ad da ya yi shiru ƙasusuwansa suka lalace, hannun Allah ya yi masa nauyi dare da rana. Ina ganin hannun nan ne a kanka, kuma hannun uba ne mai jawo ɗansa gida. Tsarkin zuciya da Yesu ya yi maganarsa a Matiyu 5:8, ni yadda na fahimta, shi ne zuciyar da ba ta da ɗaki a kulle, cikinta da wajenta ɗaya.

Ka je wurin fasto kai kaɗai tukuna. Ka faɗi adadin daidai, kada ka rage. Ku tsara yadda za ka biya, ko da kaɗan-kaɗan ne. Ba dole sai an tsayar da kai gaban ikilisiya duka ba, waɗanda abin ya shafa su ne shugabannin ƙungiyar. Mai yiwuwa a ce ka dakata da koyarwa na ɗan lokaci. In an ce haka, ka karɓa.

Wata uwa: Ɗana, matarka fa? Kada ta ji a bakin wani. Ni na taɓa ɓoye wa maigidana wani bashi shekara 3, ranar da na faɗa masa ya yi fushi, amma abin da ya fi ƙona masa rai shi ne na ɗauki kayan ni kaɗai. Ciwon ɗanku ne ya kai ka, ita ma uwarsa ce. Ka fara da ita.

Matashin nan ya dawo: Baba, na gane. Na ɗauki rabin magana na bar rabi. Yayana, ka yafe mini.

Mai tambaya: Ba ka yi mini laifi ba ƙanena, ayar da ka kawo ita nake riƙe da ita. Baba, maganar rahoton nan ta soke ni, ban taɓa kallonsa haka ba. Mama, na gode. Jiya da dare na faɗa wa matata. Ta yi kuka, ta daɗe ba ta ce komai ba, daga baya ta ɗauko takarda muka lissafa abin da za mu iya cirewa duk wata. Ba zai ƙare kafin shekara ba. Na kira fasto, ya ce in same shi gobe da ƙarfe 4 na yamma. Gabana yana faɗuwa sosai. Ku sa ni cikin addu'a a daidai wannan lokaci, kada in je ƙofar in juyo.