Kibiyar jikin wayar sauti: tana aiki ko dabarar ciniki ce?

Alhaji Mumuni: Assalamu alaikum, 'yan uwa masu kayan sauti. Wayar da na sayo a Zongo Lane, mai haɗa mikisa (na'urar haɗa muryoyi) da amfilifaya (na'urar ƙara ƙarfin sauti), akwai kibiya a jikinta. Mai shago ya ce kibiyar ta fuskanci amfilifaya, in ba haka ba murya ta dushe. Ranar Asabar wajen biki a Maamobi yarona ya sa ta a juye, sautin bai yi mini ba. Ina gyarawa sai ya washe. Kunnena ne shaida.

Awudu mai gyara: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ba ƙaryata ka nake yi ba, amma waya ba ta da gaba da baya. Sautin da ke bin ta wuta ce mai kai da komo, kamar zarto, a tura a jawo. Kunnen ɗan Adam yana jin kaɗawa daga sau 20 zuwa sau 20,000 a daƙiƙa, kuma haka wutar ke ta juya hanya a cikin wayar. To ina gabanta?

Fuseini: Masta Awudu, kana nufin kamfanin wayoyin sauti kamar AudioQuest bai san abin da yake yi ba? Sun ce lokacin da ake jan ƙarfen ta ƙaramin rami don a sirantar da shi, ƙwayoyinsa sukan kwanta gefe guda.

Awudu mai gyara: Ƙanina, ko sun kwanta, rabin lokaci wutar za ta bi kwanciyar, rabi ta saɓa mata. Ka juya wayar, lissafin bai canja ba. Mai sayarwa kuma ba ya kushe kayansa.

Rashida: Ku ba ni wuri, iyayena. Wata kibiyar tana da dalili. Akwai wayoyin da a cikinsu layi biyu ke ɗaukar sauti, sannan ga raga ta ƙarfe ta nannaɗe su don tare hayaniyar waje. Ragar nan a baki ɗaya kawai ake liƙa ta da dalma, ɗaya bakin a bar ta sake. Kibiyar tana nuna inda bakin da aka liƙa zai zauna, galibi wajen na'urar da sautin ke fitowa. In an juya, a wasu kayan gurnanin nan na wuta zai iya ƙaruwa, wanda a Gana yake kan 50 domin wutarmu sau 50 take kaɗawa a daƙiƙa. Gurnani ne ke canjawa, murya tana nan yadda take. Ku kwance murfin bakin wayar, za ku gani da ido.

Alhaji Mumuni: 'Yata, ni ba gurnani na ji ba. Muryar mai waƙa ce ta fito tas.

Awudu mai gyara: Alhaji, ai ka zare ka mayar. Nan Ankara ta Gana iskar teku ke cin bakin waya, ga ƙura. Zarewa da mayarwa kaɗai na kankare dattin, haɗin ya kama sosai. Da ka mayar da ita a juyen ma, ina zaton haka za ka ji. Kuma ka riga ka ga kibiyar kafin ka saurara.

Baba Salifu: Ni dai doguwar wayar HDMI mai kai hoto ta majigin makarantarmu in aka juya ta ko hoto babu.

Rashida: Baba, wannan daban ce. Irin dogayen nan akwai 'yar na'ura a cikin kansu, shi ya sa ake rubuta wane baki ne na kwamfuta, wane ne na allo. Ta Alhaji jan ƙarfe ne zalla.

Awudu mai gyara: A raba gardama. Alhaji ya kawo wayar shagona a Nima bayan Juma'a. Mu rufe kibiyar da tef, ya juya baya, Rashida ta riƙa zarewa tana mayarwa sau goma, wani lokaci a juye, wani lokaci yadda take, ba a taɓa ƙarfin murya. In ya canka tara, kuɗin wayar a wuyana.

Alhaji Mumuni: Na yarda, amma da lasifikana za a yi, kuma ni zan zaɓi abin da za a sa.

Fuseini: Sai dai fa an ce sabuwar waya sai ta yi kwanaki tana aiki kafin ta saba da hanyarta.

Awudu mai gyara: Fuseini, kai ma ka zo da taka ranar, tsohuwa da sabuwa.