Surukata ta zubar da littattafan 'yata saboda wani saƙon murya, ku ba ni shawara

Maman Uku (Jidda): Assalamu alaikum 'yan uwa. Satin da ya wuce wani saƙon murya ya yi ta yawo a WhatsApp, wani mutum yana rantsuwa cewa katun da littattafan yara masu aljanu duk sihiri ake koya musu, wai uwar da ta bari za ta amsa tambaya gobe ƙiyama. Hajiya, surukata, ta zo mana daga Makka, ta ji shi. Kafin in dawo daga bakala, wato kantin unguwa, ta tattara littattafan 'yata guda shida ta zuba a ledar shara, har da wanda babanta ya saya mata riyal 45 ranar da ta haddace izu ɗaya. Shekararta takwas. Ba ta yi kuka gaban kakarta ba, amma jiya na kama ta ƙarƙashin bargo da wayata, ta kashe sauti tana kallo. Ban isa in ja da Hajiya ba, kuma ni kaina saƙon ya taɓa ni. Ya zan yi?

Hajiya Babba (Makka): Wa alaikumus salam 'yata. Mu da muka daɗe a ƙasar nan mun sha ganin irin wannan. A 2001 aka fitar da fatawar haramta Pokémon, wani katun da wasan kati na yara, babban dalilin shi ne katinan sun yi kama da caca. Wannan kam na gani da idona, yara suna cinye wa juna a bakin makaranta, ni ma na ƙona na ɗana. Amma bayan fatawar sai 'yan ƙarin gishiri suka shigo, wai sunan yana nufin "ni Bayahude ne". Alhali abin Japan ne, ma'anar sunan "dodannin aljihu". Fatawa daban, ji-ta-ji-ta daban. Mai saƙon nan wane ne? Ya faɗi sunansa? Ya faɗi malamin da ya ji a wurinsa?

Maman Uku: Ko ɗaya, Hajiya. "Ku tura wa wasu" kawai ya ce.

Ummu Banat (Madina): Ni dai ina bayan surukarki. A 2022 hukuma ta kwashe kayan wasa masu launin bakan gizo daga kantuna a Riyad, kuma ƙasashen yankin nan suka ja kunnen Netflix kan abin da ake nuna wa yara. Ba banza ba. Rigakafi ya fi magani.

Anti Malama (Jidda): Ummu Banat, akwai abin gudu, ban musa ba. Amma an duba kafin a zubar? A Kano a 2007 an ƙona littattafan soyayya a makarantar 'yan mata. Ina aji biyar a wata makarantar lokacin, wallahi sai muka koma sa su cikin bangon littafin lissafi. Maman Uku, bargon nan da kika ɗaga, shi ya fi ba ni tsoro, ba littafin ba: yarinya ta fara koyon ɓoye miki abu. Sannan da me aka rene mu? Gizo da Ƙoƙi, da Dodo mai haɗiye mutane. Babu wadda ta tashi bokanya.

Ummu Banat: Ai tatsuniya da "ƙurunƙus kan kusu" ake rufewa, yaro ya san ƙarya ce. Katun ba ya cewa haka.

Anti Malama: To ke uwa ki faɗa mata. Ki zauna ku kalla tare, abin da bai dace ba ki kashe, ki gaya mata dalili. Maganar Hajiya kuwa ki bar wa ɗanta, kada ki sa baki.

Maman Uku: Na gode, Allah ya saka. Abbansu ya yi mata magana bayan isha'i, cikin lallami. Na ciro huɗu daga ledar, biyu ruwan kifi ya gama da su. Na karanta su a daren. Ɗaya na ajiye saman durowa, shigar aljanar ciki ba ta yi mini ba. Sauran ukun labarin zomo ne da wata yarinya mai neman kyanwarta. Da safe Hajiya ta sa jikarta ta karanta mata na kyanwar, sai cewa ta yi, "Yanzu duk wannan wahalar a kan mage?" Wa ta iya sa wa YouTube lambar sirri? Ta nuna mini don Allah.