Wane suna ya dace da abin da ake shafa wa jabun koto?

'Yan'uwa masu sha'awar harshe, da masuntan da ke cikinmu, ga wata kalma da nake neman mu tsayar da Hausarta. Akwai abin da Turawa ke kira scent attractant, wato wani ruwa ko mai, wani lokaci kuma mai kauri kamar man shafawa, wanda mai fatsa ke shafawa ko fesawa a jikin koton roba ko na ƙarfe domin kifi ya ɗauka abinci ne na gaske. Shi koton da aka ƙera, wanda suke kira lure, bai ba ni wahala ba, domin koto kalmarmu ce tun asali, kuma jabun koto ya wadatar, tunda siffar tana ko kwaɗo ko ƙaramin kifi aka kwaikwaya. Abin da ake shafa masa ne har yanzu ba shi da suna.

Kafin mu raɗa masa suna, ya kamata mu san aikinsa. Kifi yana da hanci, sai dai ba da shi yake numfashi ba. A yawancin kifaye akwai ƙofofi biyu a kowane gefen fuska, ruwa na shiga ta ɗaya yana fita ta ɗaya, kuma a kan hanyarsa ne kifin ke sansano abin da ya narke a cikinsa, musamman sinadaran amino asid da ke fita daga jikin abin da yake ci. Tarwaɗa ma ta wuce nan, domin tana ɗanɗano da gashin bakinta da fatar jikinta. Saboda haka abin da bai narke a ruwa ba da wuya ya isa hancin kifi, kuma wannan ne ya raba kayan shafawar kashi biyu: na mai yana daɗewa a jikin koto amma ba ya bazuwa sosai, na ruwa kuwa, irin Gulp na kamfanin Berkley, yana bazuwa da sauri amma yana buƙatar a riƙa sabunta shi. Ana haɗa su da man kifi, ko jatan lande, ko tafarnuwa, ko gishiri.

Akwai kuma aiki na biyu da ba a cika ambata ba. A shekarun 1950 masu bincike a Kanada sun lura cewa ruwan da mutum ya wanke hannu a ciki yana sa kifin salmon da ke haurawa kogi ya ja da baya, daga bisani kuma aka gano cewa wani sinadari mai suna serin da ke fatar ɗan Adam yana da hannu a ciki. Ga kuma warin fetur da na maganin sauro da ke bin hannun masunci zuwa jikin koto. Ke nan abin shafawar yana rufe warin da kifi ke gudu, sannan idan kifi ya cafki koton yakan riƙe shi na ɗan lokaci maimakon ya tofar nan take, kuma wannan ɗan jinkirin ne ke ba mai fatsa damar fizgar ƙugiya.

To, ga sunayen da na auna. Na fara da maganin kifi, na ajiye shi da wuri, domin duk wanda ya ji shi zai tuna da gubar da ake zubawa a ruwa, ko maganin da masu kiwo ke ba kifi marar lafiya. Na so in ƙera suna daga janyo, sai na ga zai faɗa kan majanyi, wanda tuni yake da aikinsa a bayan mai goyo. Kira-kifi ya yi daɗin faɗa, ya kuma bi tsarin kalmomi irin su hana-salla da fasa-ƙwauri, amma ya yi alkawarin da abin ba ya cikawa, domin ɗan abin da aka shafa wa koto ba ya kiran kifi daga nesa. Motsin koton da launinsa ne suka fi jawo shi, musamman kifayen da ke farauta da ido. Sunan da zai sa sabon masunci ya jefa fatsa inda babu kifi ya zauna jiran a amsa kira bai yi masa adalci ba.

Ƙarnin koto ya fi ba ni tunani. Hausa ta bambance ƙanshi da wari da ƙarni da ƙauri da zarni, kuma a hancin mutum yawancin waɗannan kayayyaki ƙarni suke yi, don haka kalmar ta faɗi gaskiya. Matsalarta ita ce tana nufin abin da hanci ya ji, alhali muna neman sunan abin da ke cikin kwalba, kuma ba ta ɗauki na tafarnuwa ba.

Saboda haka na tsaya a kan turaren koto. Turare abu ne da ake shafawa ko fesawa kaɗan kaɗan, yana zuwa da mai yana zuwa da ruwa, yana gushewa a sake sawa, kuma yana yin ayyukan nan biyu daidai: ya rufe warin da ba a so, ya sa na kusa ya ƙara matsowa. Na san za a ce turare ƙanshi yake yi, wannan kuwa ƙarni, amma hukuncin ƙanshi yana hannun wanda aka shafa dominsa, kuma a nan kifi ne. Kalmar tana kuma shiga jimla ba tare da tuntuɓe ba: a ce ya shafa wa kotonsa turare, ko turaren ya wanke, ko turarukan koto iri uku ne a jakarsa. Inda kawai nake da sauran shakka shi ne koton roba da tun a masana'anta aka cuɗa shi da sinadarin, wanda nake ganin sai dai a kira shi koto mai turare. Masuntan da ke cikinmu, ku ne za ku gaya mana ko bakinku zai karɓe shi.